Matakala Goma Sha Uku a Gidan Gwaggo Lantana

Ku gyara zama, ku ajiye goron nan tukuna, don maganar da na kawo sai an yi musu a kanta.

A wani gari da ke gindin dutse akwai wata tsohuwa, Gwaggo Lantana, mai gidan haya na ƙasa wanda mijinta Sambo ya bar mata. Da can akwai ɗan bene a kan zauren, inda Sambo ke shan iska da la'asar. Ruwa ya rushe shi shekara talatin da suka wuce, waɗanda suka san shi kuwa wasu sun rasu, wasu sun yi ƙaura. Amma duk sanda gyangyaɗi ya ɗauke ta bayan azahar, sai ta ga benen a tsaye, tantabaru na sauka a kansa, ta ji tarin Sambo daga sama da ƙamshin ƙasar da ta sha yayyafi. In ta farka ta ɗaga kai, babu komai sai gajimare. Da kewa ta ishe ta, ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, ta ce sai ta mayar da benen.

Masu harajin garin kuwa suna da ƙa'ida. In ka mayar da abu yadda yake, gyara ne, a cire abin da ka kashe daga kuɗin haya kafin a yanka maka haraji. In ka ƙara sabo, ba a cire maka komai, sai ma a ɗaga darajar gidan, harajin ya bi ta. Gwaggo ba ta san haka ba. Har ta aika a sayo siminti da kwano, wai a yi wa mafarkinta kwalliya.

Na farko da ya tare ta shi ne Malam Shu'aibu, tsohon akawu da ke haya a ɗakin kudu, mutumin da ko takardar ƙosai ya tsinta sai ya karanta. Ya ce, “Gwaggo, in kwanon nan ya hau, harajin da zai biyo shi sai kin sayar da gidan.” Ita kuwa ba ta iya rabuwa da gidan, don a nan aka kawo ta amarya. Shu'aibu ya sa aka mayar da kayan. Daga baya, da takarda ta zo cewa ginin sabo ne, shi ya yi ta sintiri a ofis har mai duba gidaje ya yarda ya zo ya gani da idonsa.

Na biyu da ya tsaya mata shi ne Nomau magini, na ɗakin tsakiya. Kwana uku yana shafa bangon zauren kamar mai lallashin jariri, har ya gano inda kowace tsohuwar matakala ta bar tabo. Ya kwaɓa ƙasar da ta zube tun da can, ya yi tubali da ita, ya jera azara a tsofaffin ramukanta. Matakala ta bakwai ya iske gajeriya ce. Abokan aikinsa suka ce ya daidaita ta, kada a yi masa dariya a gari, ya ƙi. Ya bar ta gajeriya, ya shanye dariyar.

Da mai dubawa ya zo, ya ce, “Aiki ya yi kyau, amma wa ya shaida akwai bene a nan da?” Sai ga Baba Gwadabe, makahon da ke haya a ɗakin bayan gida tun Sambo na da rai, wanda ya dawo daga ƙauye ran nan, bai taɓa taka sabon ginin ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, matakala goma sha uku ce, ta bakwai gajeriya. A sama, hannun hagu, akwai alkukin da Sambo ke ajiye fitila.” Ya jingine sandarsa, ya hau a hankali yana murmushi kamar mai tafiya cikin barci. A ta bakwai ƙafarsa ta rage taku da kanta. Ya kai sama, ya miƙa hannu, hannun ya shige alkuki. Da mai dubawa ya ga haka, sai ya rubuta: gyara.

Gida ya tsira. Sai dai gwiwoyin Gwaggo ba sa hawan matakala. Ta zauna a ƙasa tana hawaye, ta ce, “Wanda ya cece ni a cikinku, ya hau ya zauna, ba haya har ƙarshen ransa. Ni dai in riƙa jin tarin mutum daga sama, ya ishe ni.”

Ɗakin ɗaya ne, tabarma ɗaya yake ci. Ba don Shu'aibu ba, da kwano ya hau. Ba don Nomau ba, da ƙafar makaho ta yi tuntuɓe. Ba don Gwadabe ba, da babu shaida. To, ku da kuka cika ni da surutu ɗazu, ku faɗa mini: tarin wa ya cancanta Gwaggo ta ji daga benen nan?