Ƙafar Sarkin Maƙera

Masu ba da labari sun ce a wani gari an yi wani Sarkin Maƙera mai suna Nomau, mutum ne mai son yabo kamar yadda akuya ke son dusa. Ranar sunan jikansa kiɗa ya yi daɗi, ya tashi ya taka rawa, aka ɗauka a waya aka ɗora a intanet. Kafin azahar sharhi ya cika ƙasan bidiyon: "Masha Allah!" "Allah ya ja zamanin Sarki!" Yana karantawa yana shafa gemu, sai ya ci karo da na taubashinsa Ilu: "Rawa ta yi, amma ƙafar hagun nan ta fi turmi kauri. A kai ta asibiti kafin ta riga mai ita shiga kabari." Jama'a kuwa suka bi suna zuba fuskokin dariya.

Ran Nomau ya ɓaci. Ya zauna a maƙera yana huci, ya rantse zai toshe Ilu a waya, ya kuma yanke zumunci da shi har abada.

Akwai wani tsohon ƙadangare da ke zama a bangon maƙerar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka danna, ka ji abin da ya sami Kuluwa mai ƙosai."

Nomau ya ce, "Faɗi, amma ka gajarta."

Ƙadangare ya ce, wata rana Kuluwa ta kafa waya tana koyar da suyar ƙosai kai tsaye. Masu kallo ba abin da suke rubutawa sai "Allah ya ƙara kasuwa." Can sai wata ta rubuta, "Yaya Kuluwa, ki miƙa wa baƙuwarki yaji mana, tana ta shan ƙullu gaya." Kuluwa ta ce an raina mata sana'a, ta toshe ta, ta ci gaba da zuba. Da ta juya ɗebo ƙullu, sai ga akuyar maƙwabta ta share roba tas, tana lasar baki.

Ta tafi wurin kakarta da kuka. Tsohuwa ta ce, "Yo ke 'yar nan, ba ki ji labarin Jatau mai tukwane ba? Ya sayi jaki a kasuwa, kowa na ce masa Allah ya sa albarka. Wani dattijo ya tuntsire da dariya ya ce, 'Ka yi sa'a, wannan rabin kwalli ma ya ishe shi.' Jatau ya zage shi tatas, ya labta tukwane ya kama hanya. Ashe jakin ido ɗaya gare shi. Ta gefen da ba ya gani ya afka kwazazzabo, ko murfi bai tsira ba. Masu sa albarka fuskar Jatau suka kalla, mai dariyar nan ne kaɗai ya duba jakin."

Ƙadangare ya ce, "To ka ji. Ni da kake gani, gyaɗa kai ne aikina, kowa ya wuce sai na gyaɗa masa ko ban ji me ya ce ba, saboda haka in na ga 'yan'uwana ina gane su. Masu Masha Allah ɗin nan, da yawansu ba su kai ƙarshen bidiyon ba. Masu fuskar dariya kuma 'yan kallo ne, ko faɗuwa ka yi haka za su sa. Ilu kuwa wasan taubashi ne ya ba shi bakin faɗar abin da kowa ke jin nauyi. An ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Ba kai nake nufi ba fa, ranka ya daɗe."

Nomau ya janye ƙafar wando ya duba. Tun da jan ƙarfe ya ƙone shi ƙafar take kumbura yana ɓoyewa, ko matarsa bai bari ta gani ba. Tsoro ya kama shi. Ya ce, "Ka yi gaskiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Ya kira Ilu ya ce, "Kai bawana marar kunya, zo ka kai ubangidanka asibiti."

Ilu ya ce, "Leƙo waje. Ina nan da babur tun ɗazu, jira nake ka ajiye guduma."