Rigimar Ɗumi da Laima a Gwadon Tabawa

Dalilin da ya sa jiƙaƙƙen mayafi ba ya riƙe ɗumi, 'ya'yana, laifin Auduga ne, don ba ta iya cewa a'a ba.

A da can, ko ruwa aka zuba wa Auduga, zamewa yake yi. Ɗumi kaɗai ke zaune a gidanta, cikin 'yan ɗakunan da ke tsakanin zare da zare. To, akwai wata tsohuwa mai kaɗi, sunanta Tabawa, mai ciwon gwiwa. Da sanyi ya taɓa ta, ko miƙewa ba ta iyawa. Gwadonta na auduga shi ne maganinta.

Ran nan da damina, sai ga Laima, 'yar gidan danshi, tana rawar ɗari. Ta ce, "Yaya Auduga, bar ni in fake a bakin ƙofa mana."

Ɗumi ya ce, "Kada ki yarda! Na san halinta."

Auduga ta ce, "Haba, baƙuwa ce. Shigo, ƙanwata."

Laima ta shiga ɗaki ɗaya, ta miƙe ƙafa zuwa na biyu, ta bi zare ta cika gidan kaf. Ɗumi ya rasa wurin tsayawa, ya yi waje.

Tabawa ta ja gwado ta rufa, sai ta ji shi sanyi ƙalau. Gwiwa ta ɗau zogi. Ta ce, "Ke Auduga! Ni na shiɓe ki, ni na kaɗa ki, sakayyar ke nan? Wa ya ce ki yi baƙi?"

"Iya, kunya na ji."

"Ga gwiwa ta riƙe, kunyar taki ce za ta kai ni rijiya ɗiban ruwa? Ɗumi, dawo don Allah."

Ɗumi ya ce, "Iya, ni da zama gida ɗaya da waccan, har abada. In ta shiga, na fita."

Tsohuwa ta ja jiki tana tsaki, ta shanya gwadon a kan danga. Rana ta kori Laima, Ɗumi ya koma ɗakunansa. Auduga ta rantse ba ta ƙarawa. Washegari Gumi ya yi sallama, ta ce, "Maraba, shigo!"

Tabawa ta riƙe haɓa. "Wannan ba ta gyaruwa."

Shi ya sa har yau Auduga ke shanye duk danshin da ya zo mata, Ɗumi ya yi fushi ya fice, mu kuma a bar mu da wahalar shanya.