Wutsiyar Akuya da Haƙƙin Tunkiya

Ku nutsu, yara, ku ji dalilin da ya sa wutsiyar akuya take a ɗage, ta tunkiya kuwa a sauke.

A da can ba a iya bambanta su. Gashi ɗaya, kuka ɗaya, wutsiya duk a sauke. A lokacin akwai wata tsohuwa, Iya Tasalla, wadda ba ta mallaki komai ba sai farar tunkiya guda mai ciki. Da shuka ta tsiro, mai shela ya zaga gari: kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama da ɓarna ta zama ta mai gona. Iya Tasalla ta kafa turke, ta ɗaure tata.

Maƙwabta kuwa suna da farar akuya. Ta tauna igiyarta, ta faɗa gonar Malam Barau, ta cinye masa wake. Ya hango farar dabba ta shige lungu, ya biyo da sanda. Akuya ta haye katanga. Tunkiya ba ta gudu ba, don haka ita ya kwance ya ja gaban mai unguwa.

“Ranka ya daɗe, a turke ya same ta!” in ji Iya Tasalla.

“Ita na gani, Iya, fara sol,” in ji Malam Barau. “Ko makaho kika ɗauke ni?”

“Allah ya san ba ita ba ce.”

Mai unguwa ya ce, “Allah ya sani, Iya, amma mu ba mu sani ba. Doka sai ta hau.”

Tsohuwa ta dubi cikin tunkiyar, ta ga abincinta na baɗi zai tafi gidan wani. Ta ɗaga hannu sama ta ce: “Ya Ubangiji, kai da za ka ware masu gaskiya ranar hisabi, ka sa mana alama tun a nan.”

Tunkiya ta sunkuyar da kai. Akuya kuwa tana bisa katanga tana kallo, daɗin ta tsira ya ɗebe ta, ta ɗaga wutsiya tana kaɗawa. Sai ga furen wake da ƙarangiyar bakin gona manne a ƙarƙashinta. Jama’a suka ɗauki salati. Akuya ta yi ta yi ta sauke wutsiyar, ta ƙi sauka.

Malam Barau ya saki igiya, ya juya ya tafi. Ko “yi haƙuri” bai ce ba. Ko ɗaya!

Shi ya sa har yau akuya take yawo da wutsiya a sama, ba ta iya rufe komai, tunkiya kuwa tana tafe da suturarta. Amma ku lura da kyau: in aka yi ɓarna, har gobe tunkiya ake fara duka, don ita ce ba ta gudu. Wannan haƙƙi ne, kuma ba a biya shi ba. Kafin ɗayanku ya ɗaga sanda, ya dubi wutsiya.