Fadama Ɗaya, Kyauta Uku

An yi wani sarki mai yawan kyauta da ƙarancin tuna abin da ya bayar, har ya ba mutum uku fadama ɗaya ba tare da ya lura ba. Makau masunci ya samu tasa ran da ya haye da sarki a kwalekwale, Tanko mai lambu ran da ya kawo gaisuwar albasa, Arɗo Jaɓɓo kuwa ran da ya yi wa ɗan sarki ɗori. Da magana ta fito fili sai kowa ya ce tasa ce, har dangin Tanko suka fara wasa adda, Fulani suka gyara sanduna.

Sarki ya kira wazirinsa, Malam Gwadabe, dattijo mai ilimi amma mai saurin firgita, ya ce masa: "Ka raba gardamar nan ba tare da ka yanka ƙasar ba, ba kuma tare da ka mai da ni mai magana biyu ba. In ka kasa, ka ajiye rawani ka bar mini gari."

Hankalin Waziri ya tashi ƙwarai, domin ba shi da inda zai nufa da tsufansa da iyalinsa, ga shi littattafan fiƙihu duk ba su yi bayanin sarkin da ya manta kyautarsa ba. Abinci ya daina shiga. Ya je fadamar ya zagaya ya dawo, bai ƙaru da komai ba sai laka a riga.

Ranar hukunci ta zo bai da amsa. Don ya ja lokaci kawai, ya nemi kowannensu ya faɗi abin da ake kira fadama. Makau ya ce ruwan da yake kwantawa da damina ne, inda tarwaɗa ke ƙiba. Tanko ya yi tsaki ya ce ruwa ai tafki ne, fadama ita ce danshin da ruwa ya bari in ya janye.

Arɗo ya ce: "Allah ya ba ka nasara, mu a wurinmu fadama ita ce ciyawar da ta rage da bazara, sa'ad da daji ya ƙone."

Nan Waziri ya gano bakin zaren. Ya tambayi lokacin da aka yi wa kowa kyautarsa, sai ga ta Makau da marka, ta Tanko bayan kaka, ta Arɗo da bazara. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: "Ranka ya daɗe, ba ka yi magana biyu ba. Kowa ka ba shi fadamar da ke nan ran da ka yi magana. Makau ya yi kamun kifi har ruwa ya janye, Tanko ya yi lambu har ya cire albasa, sannan shanun Arɗo su ci ciyawa su bar wa Tanko taki."

Sai sarki ya tambaya, to shi wacce aka bar masa.

Waziri ya ce: "Fada ma fadama ce, ranka ya daɗe. Wani ya riƙe kafin kai, wani zai riƙe bayanka."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki kuwa ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya kuma hore shi da ya riƙa zama kusa duk ran da za a yi kyauta.

Masu hikima sun ce, adalci shi ne a san ma'anar magana a bakin mai ita kafin a yanke masa hukunci.