Ɗago Kanka, Dogo

Akwai wata baiwar Allah mai shagon ɗinki, uwar wani saurayi da duk unguwa ke kira Dogo. Ƙwallon kwando yake bugawa, kuma Allah ya sa masa albarka a ciki, har wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke shi ya yi karatu kyauta yana buga musu wasa.

Abu ɗaya ya rage: intabiyu a ofishin jakadanci don a ba shi biza. In aka hana shi, kafin a sake ba shi wata rana an buɗe makaranta, gurbinsa ya tafi. Ku iyaye kun san yadda zuciyar uwa take a irin wannan lokaci. Abinci ma ba ya wuce mata.

Ana haka sai kocin Dogo, mai horar da shi a ƙwallo, ya zo shagon.

Ya ce, "Mama, takardunsa sun cika, Turancinsa ba laifi. Amma jiya na gwada shi, ina tambaya yana kallon takalminsa, murya can ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata. Su kuwa can, in ka sunkuyar da kai sai su ɗauka akwai abin da kake ɓoyewa."

Ta ɗauke ƙafarta daga kan keken ɗinki. "Koci, wato tarbiyyar da na ba shi ce yau ta zama laifi? Tun yana ɗan mitsitsi nake hana shi zare wa manya ido."

"Ba laifi ba ce, Mama. Sai dai ke kika ɗaure, ke za ki kwance. Ni na yi iya yina."

Maganar ta sosa mata rai ƙwarai. Ranar har hannun riga ta haɗa a karkace, ta farke, ta sake. Amma da ta tuna yadda yaron nan ya sha rana a fili, takalmi na yagewa tana ɗinke masa, sai ta haɗiye fushinta.

Koci ya ce a tsaye ake yin intabiyun, da gilashi a tsakani. Don haka washegari ta tsayar da Dogo a waje, bayan tagar shagon, ita tana ciki. Ba ta jin Turanci. Ta ce ita za ta yi tambaya da Hausa, shi ya amsa da Turancinsa, ido da murya kawai take so.

"Me za ka je yi ƙasar mutane?"

Ya fara amsawa, kansa a sunkuye.

"Ƙasa ce ta tambaye ka? Ɗago!"

Ya ɗago a hankali, idonsa ya shiga nata. Ba ta san sanda bakinta ya suɓuce ba: "Kai! Ni kake tsarewa da ido?"

Nan take ya mayar da kai ƙasa. "Mama, ke fa kika ce."

Ta kama baki, dariya na cin ta. "Na ce ɗin. Mu sake."

Haka suka yi ta yi kullum. Wata mai kawo ɗinki ta ce, "Yau kuma me Dogo ya yi aka hana shi shiga?" Uwar ta ce, "Biza yake nema a wurina, bai samu ba tukuna."

Ana gobe za a tafi intabiyun, ta yi masa tambayar da ta daɗe tana cin ta a rai. "To in ka gama, za ka dawo?"

Dogo ya manta da Turanci. Ya dube ta sosai ya ce, "Zan dawo, Mama. Akwai yara a filinmu da suka fi ni iyawa, ba mai koya musu. Kuma ke ina zan bar ki?"

Wannan karon ita ce ta kasa kallonsa. Ta juya wai tana neman almakashi.

Ranar intabiyu ba a barin 'yan rakiya su shiga. Ta tsaya tsallaken titi cikin sauran iyaye, tana addu'a, duk wanda ya fito sai ta leƙa ko shi ne. Can sai ga Dogo, hannunsa ba komai.

"Ina fasfo ɗinka?"

"Sun riƙe."

"Innalillahi! Me ka yi musu?"

"Mama, in sun riƙe ai sun ba ni ke nan. A ciki za su manna bizar." Ya yi murmushi. "Kuma wallahi matar da ta yi mini tambayoyin ba ta kai ki ban tsoro ba."

Ta ɗaga hannu sama tana Alhamdulillahi, hawaye na zuba. Ta ce, "Kira mini Koci yanzu. Bawan Allah nan ya gaya mini gaskiya na ɓata masa rai, sai na gode masa da bakina."

Darasi: Iyaye 'yan'uwana, in mai son ɗanki ya gaya miki gaskiya, ki haɗiye fushi ki saurara. Mu koya wa yaranmu ladabi, mu kuma koya musu ɗago kai su yi magana a inda ya dace. Ku tura wa wata uwa wannan labari, wataƙila nata Dogon yana hanya.