Kumatu da Uwar Tautau

Tun zamanin da gatari bai taɓa dajin Maɗaci ba, akwai wasu maharba da ke zaune a gindin dutse. Dokarsu ita ce, in maharbi ya mutu, bakansa da 'ya'yansa na ƙanensa ne, uwa kuwa ta koma garinsu hannu rabbana.

Ɓauna ta kashe mijin Kumatu, ya bar ta da yara biyu da jinjira. Aka ba ta kwana bakwai ta miƙa su ga Jatau, ƙanen mijin.

A rana ta uku ta je itace, ta zauna a kan kututture, ta kasa sara. Nan ta ga tautau, gizo-gizon nan na ƙasa wanda ba ya saƙa yana. Mace ce, bayanta ya yi baƙi da 'ya'ya, sun fi ɗari, kowane ya maƙale. Da goyon nata ta laɓe a bakin rami. Gyare ya gifta, ta daka tsalle ta danne shi, ta tsotse shi sai ɓawo. Ko ɗa ɗaya bai faɗi ba.

Sai ga zanzaro, wanda sana'arsa ke nan: ya harbi gizo-gizo ya sandare, ya ja shi ɗakinsa ya zama abincin tsutsarsa. Ya sauko sau uku. Sau uku tana ɗaga ƙafafun gaba tana buɗe masa fiƙa. Bai samu wurin harbi ba, ya tashi.

Kumatu ta koma gida ba itace. Ta goya jinjira, ta rataya kwari, ta ɗauki bakan mijinta, ta sa yaran a gaba, suka shiga daji da rana tsaka kowa na kallo. A bakin wani rafi ta kafa bukka. An ce da goyo ta harbi gada a ranar, jinjirar ko motsi ba ta yi ba.

Da wa'adi ya cika, Jatau ya biyo sawu da mutum shida. Ya same ta a tsaye, kibiya a kan tsirkiya.

Ya ce, "Matar yaya, wasan ya isa. Mai goyo ba ta farauta."

Ta ce, "Naman da ke kan wuta fa, kai ka harbo mini?"

"Doka ce ta kakanni."

"Kakannin ne suka yi naƙudarsu? Jatau, da hannun nan na yi ta kwasa maka tuwo. Ka tsallake rafin nan, da wannan hannun zan sa maka dafi."

Ya dubi mutanensa, kowa ya sunkuyar da kai. Sun san dafin kibiyar nan, da su aka dafa shi. Suka juya.

Kafin shekara, zawarawa huɗu sun gudo wurinta da 'ya'yansu. Bukka ta zama ƙauye. Kumatu, kainuwa dashen Allah, mai goyo da kwari, ta ƙi doka ta kwana lafiya!

Ƙauyen shi ne Rafin Tautau. Har yau a can ba a karɓe maraya daga hannun uwarsa, ko da dangin uba sun fi ta ƙarfi. Mai shara in ta tarar da tautau da goyo, sai ta ɗage tsintsiya har ta wuce. Ɗakin zanzaro kuwa ba ya kwana a jikin bangonsu.