Sunan 'Yar Ilu Mai Albasa

Akwai wani mai dogon baki a cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Shi ne ya ce wai ƙungiyoyin masu amsa kiran gaggawa, in sun taru daga ƙasa-ƙasa, ba abin da suke tsinanawa sai shan shayi da ɗaukar hoto. To, ya gyara zama. Shi na fi so ya raba mana wannan gardama.

A Illela akwai wata mata, Balaraba, matar Ilu direba, mai kai albasa Kumasi ta hanyar Nijar da Binin da Togo. Wata rana bayan azahar tana zaune tana tsince shinkafa, ga tsohon ciki haihuwa yau ko gobe, sai wayarta ta yi ƙara. Ilu ne, murya kamar daga cikin rijiya.

"Balaraba, mota ta danne ni. Na shiga ƙarƙashi gyara, jak ya zame. Ni kaɗai ne. Ina Gangaren Mai Doya. Ki yafe mini..."

"Yafe me? Maigida, wace ƙasa ce? Maigida!"

Ɗif. Cajin wayarsa ya ƙare.

Kun ji halinmu. Mutum na ƙarƙashin tirela a ƙasar wasu, caji saura ƙiris, bai nemi agajin da ke kusa ba, gida ya kira neman gafara! Kuma Gangaren Mai Doya ba ya cikin taswirar kowa. Direbobinmu ne suka laƙaba masa, kamar yadda suke raɗa wa kowace kwana da kowace gada suna, don wata mai soya doya da ta taɓa zama a wurin.

Balaraba ta watsar da shinkafa, ta danna lambar gaggawa. Wadda ta ɗauka a Sakkwato sunanta Murja. Kuka kawai take ji, ba kan zance ba gindi. Ba ta ce wannan ba hurumina ba ne. Cewa ta yi, "Yaya, ja numfashi. Yaushe ya bar gida? Ina ya ce miki ya kwana jiya? Motar wane launi ce?" A hankali ta tatso zancen: shuɗiyar mota, ya kwana a Kandi ta ƙasar Binin, ya tashi da asuba. Ashe a wani taro da ƙungiyoyin ƙasashen suka yi, kowace cibiya ta ba 'yar'uwarta layi na kai-tsaye, aka kuma yi alkawari ɗaya: wanda kira ya faɗo hannunsa ba ya ajiye waya sai ya ji muryar wanda ya karɓa daga gare shi. Murja ta buga Binin, ta bar Balaraba a ɗaya kunnen.

Wadda ta ɗauka a Binin sunanta Bibata, tana jin Hausa da Dandanci da Faransanci. Ta duba taswira sama da ƙasa, babu gangare babu doya. Da wata ce, da ta tura mota ta bi titi tana lalube. Ita kuwa ta ce sunan da direba ya raɗa, a bakin direba ake nemansa. Ta kira sarkin tashar 'yan albasa na bakin iyaka. Tsohon ya ce, "Haba 'yata, wa bai san nan ba? Ai ya bar ƙasarku. In ka haye Togo, gangare na biyu, wurin tsamiyar nan." Bibata ta juya bayanin zuwa Faransanci, ta buga Togo, ita ma ba ta ajiye waya ba.

Wadda ta ɗauka a Togo sunanta Afiwa, ko sannu ba ta sani ba da Hausa. Ta tashi motar asibiti nan take. Sai ta tsaya ta yi tunani: motar asibiti ba ta ɗaga tirela cike da albasa. Ta tashi 'yan kwana-kwana da babban jak. Ta kuma kira mai garin ƙauyen da ke kusa, ta ce a je a yi masa inuwa, a yi ta jan sa da hira, amma kada wanda ya ja shi. Aikuwa mai gari ya tarar da matafiya sun riƙe hammatar Ilu, suna shirin fizge shi da sunan taimako. Ya daka musu tsawa suka saki. Daga baya likita ya ce da sun ja, da ƙafar ta tafi, wataƙila har da mai ita.

Duk wannan Balaraba tana durƙushe a tsakar gida da waya a kunne. Sai ta ji labari yana dawowa ta hanyar da ya tafi, daga Afiwa zuwa Bibata, daga Bibata zuwa Murja: "Yaya, an ciro shi. Yana magana. Wai a rufe masa albasa kada ruwa ya taɓa."

Ta yi guɗa, ta ce, "Shi ne wallahi! Albasar gidansu!" Guɗar ba ta gama sauka ba naƙuda ta taso. Kafin magariba ta sauka lafiya, 'ya mace, jawur da ita.

Aka dawo da Ilu da sanda da ƙafa a naɗe, baki har kunne. Tun yana gadon asibiti ya yi rantsuwa cewa jaririyar za ta ci sunan wadda ta ceci ransa. Sai ana gobe suna, rago a ɗaure, goro a jiƙe, aka ce to wacce?

Balaraba ta ce, "Murja mana! Da ta katse ni, wa zai ma san kana raye?"

Ilu ya ce, "Da Bibata ba ta gano wurin ba, da har yanzu ana nemana a ƙasar da ba na ciki."

Uwar Ilu ta ce, "Ku rufe mini baki. Wannan ta Togo, wa take da suna, ita ta hana a tsinka mini ɗa gida biyu. Ko sunan bai zauna a bakina ba, zan koya."

Aka kira su ukun a raba gardama, suka ƙara dagula ta. Kowacce dariya take yi tana tura wa 'yar'uwarta, wai ita hannu kawai ta miƙa. Wani ya ce a haɗa sunayen uku. Liman ya ce shi fa yarinya ɗaya aka kawo masa, kuma rantsuwar Ilu mutum ɗaya ta ambata.

To, gari ya waye, ga liman zaune, wuƙa a washe, mata sun ƙosa su yi guɗa. Murja da ta riƙe kiran, ko Bibata da ta gano wurin, ko Afiwa da ta aika abin da ya ɗaga motar, wacce ce ta fi cancanta a raɗa wa yarinyar nan sunanta? Kai kuma mai zancen shayi da hoto, kai za ka fara. Zare mini ɗaya a cikinsu, ka nuna mana yadda Ilu zai dawo gida da ƙafarsa. In ka isa, musa.